Tuwo a Gaban Suruki

Ranar da aka kawo su gidan kaso, gardi mai tsaron wurin ya kwance wa Aghali rawaninsa na Buzaye, mai rufe baki, a bakin ƙofa. Wai doka ce tun zamanin Nasara, kada ɗan kaso ya rataye kansa. Nasara ya tafi, an sake tuta, amma dokar tana nan daram. Aghali ya rufe baki da tafin hannu kamar wanda aka tuɓe wa wando a kasuwa.

Rigima ce a bakin wata rijiya a Tarka ta jawo aka kamo shi tare da tsoho Attahir, mahaifin matarsa Raishatu. Aka cusa su ɗaki guda da mutanen da ba su da wurin miƙe ƙafa, ga zafin bazarar Damargu, ga bokitin bahaya a lungu.

Sau ɗaya a yini ake kawo tuwon gero, kuma gardi na tsaye har a gama ya kwashe kwanonin. Kowa ya sa hannu ban da Aghali. Buzu ba ya cin abinci a gaban surukinsa, balle da baki a buɗe. Tsohon ya juya ya fuskanci bango, amma gwiwarsa tana taɓa ta Aghali, to wace irin juyawa ce wannan? Ruwa kaɗai Aghali yake kurɓa idan an fito da su aikin ɗebo shi.

Mato, wani manomin Ollelewa da ya fi kowa daɗewa a ɗakin, ya matso kusa da shi.

"Kai ɗan uwa, mu ma muna kunyar suruki, amma nan kaso ne. Kunya a waje muka baro ta, tare da takalmanmu."

Aghali ya girgiza kai kawai.

Da ƙafafun Aghali suka fara gaza ɗaukarsa, Mato ya roƙi gardi a raba shi ɗaki da surukinsa, ko a mayar masa da rawaninsa. Gardin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Masauƙin baƙi ka ɗauki wurin nan? In ya ji wuya zai ci."

Aghali bai ci ba. Idanunsa suka faɗa, leɓɓansa suka tsage. Abin tausayi, tsohon yana ganin komai, kuma al'adar da ta hana Aghali ci ita ta hana shi ce masa ya ci.

Wata rana da hantsi Attahir ya tambayi Mato, "Wancan ɗaki na kwano a tsakar fili, na wane ne?"

"Na horo ne, Baba. Wanda ya taɓa gardi ake jefawa. Ko saurayi ba ya fitowa da ƙafarsa."

"Mutum ɗaya yake zama ciki?"

"Shi kaɗai."

Tsohon ya gyaɗa kai. Da aka kawo tuwo ya miƙe a hankali, ya ɗauki kwanon, ya kife shi a ƙirjin gardi. Ko da gardawa suke jansa a ƙasa suna duka, bai dubi inda Aghali yake ba.

Washegari Aghali ya ci. Mutanen ɗakin suka kau da kai suka bar masa rabonsu. Daga tsakar fili ana jin tarin tsohon a ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa. Kullum tarin yana raguwa, Aghali kuma yana samun ƙarfi.

Ran da tarin ya ɗauke, aka kira mutum biyu masu ƙarfi su ɗauki gawa. Gardi ya leƙa ɗakin, ya ƙare wa kowa kallo, ya nuna Mato. Sannan ya nuna Aghali.

"Kai ma taso. Na ga ka murmure."