Wadda Ta Iya Magana

Baba ya rasu da hantsi, bayan Mama ta tafi gida ɗauko masa kaya masu tsabta. Tun da aka kwantar da shi a asibiti ba ta taɓa barin gefen gadonsa ba, a kan kujerar roba take barci har ƙafafunta suka kumbura. Mu muka matsa mata ta je ta yi wanka ta ɗan miƙe, muka ce ai jikin da sauƙi. Ba ta daɗe da fita ba numfashinsa ya canza. Nas ta kira likita, likita ya ja labule, da ya fito kuma bai yi doguwar magana ba.

Mu uku muka tsaya a baranda kusa da tagar karɓar magani, ni da Yaya da Baffa, ƙanin Baba. Wata mata tana goge ƙasa, ta ce mu ɗaga ƙafa, muka ɗaga. Yaya makanike ne, daga gareji ya taho, hannunsa duk baƙin mai, sai murza hularsa yake yi. Ni ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo bai zo ba, sai na tsaya ina karanta wata takarda da aka manna a bango kan yadda ake wanke hannu.

"Dole a faɗa mata," in ji Baffa. "Kuma ba a waya ba. Kun san hawan jininta. In aka jefa mata maganar haka kawai, gawa biyu za mu ɗauka."

Yaya ya buɗe baki. Yana da in'ina tun yana yaro, in ransa ya ɓaci kuwa kalma ɗaya sai ta maƙale masa kamar ƙashi a wuya. Yana cikin fama da "ni" ɗin farko Baffa ya dafa kafaɗarsa.

"Kai tsaya nan, akwai takardun da za a sa wa hannu. Auta ta je. Ai ita ce ta iya magana, har kyauta suka ba ta a makaranta. Ki lallaɓa ta, kin ji? Ki bi ta a hankali."

Na ce to.

Duk wanda ya san ni a shekarata ta farko a jami'a, in ya ji wannan magana sai ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ranar da aka fara tsayar da ni gaban aji in gabatar da aikinmu, takardar hannuna ta yi ta rawa har lasifika tana ɗauko ƙararta. Wani ɗan iska a layin baya ya ce a rufe taga, iska na kaɗa yarinya. Tun daga ranar sunana ya koma Ganye. Na gama ranar a banɗakin mata, ina zaune a kan bokitin da aka kife. Bayan haka duk aikin rukuni ni ke rubutawa, in kwana a kansa, wani mai baki ya tashi ya karanta ya sha tafi. Ban damu ba, ko dai na ce ban damu ba.

A shekara ta uku aka haɗa mu da wani malami da ɗalibai suka laƙaba wa Malam Numfashi, don ba ya jera magana biyu bai ce "numfashi" ba. A darasinsa babu ɓuya, kowa sai ya tsaya shi kaɗai. Ya koya mana a ware ƙafa a kafa ta da ƙasa, a saki kafaɗa, a nemi wani tabo a bangon baya sama da kawunan mutane a yi wa tabon magana. A fara da shimfiɗa, a jera dalilai, a rufe da abin da ake so ya zauna. Babban sirrinsa kuwa guda ne.

"Magana tana ba ku tsoro ne saboda tana da rai," ya ce mana. "Ku maimaita ta. Ku yi ta maimaitawa har ta mutu a bakinku. In ta mutu ba za ta cije ku ba."

Sauran sun ɗauke shi da wasa, ni na ɗauke shi kamar magani. Bayan ɗakin kwananmu akwai igiyoyin shanya, nan nake zuwa in yi wa jiƙaƙƙun tawul da safa lacca. Ina ɗaukar muryata a waya, in saurara, duk inda na ji ta yi rawa in koma in yi ta nanatawa har wurin ya yi sumul. 'Yan ɗakinmu suka ce Ganye ta fara magana da wando, a kira iyayenta. Kafin ƙarshen zango na daina jin bugun zuciyata in na tsaya gaban mutane. Wata ƙawata ta ce min yanzu ina magana kamar mai sanarwa a tashar jirgi, na ɗauka yabo ne. A shekarar ƙarshe aka ba ni ɗan kofi na roba mai ruwan zinare. Baba ya ɗora shi a kan talabijin, kuma duk wanda ya shigo gidan sai ya ji labarinsa, har mai zuwa duba mitar lantarki bai tsira ba.

A cikin bas na zauna kusa da taga na tsara abin da zan faɗa. Shimfiɗa: ta zauna, ta sha maganinta. Sannan jikin ya rikice bayan fitarta. Sannan likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Sannan bai sha wahala ba. A ƙarshe sai ita maganar.

Na gwada ta ƙasa-ƙasa, fuskata a jikin gilashi. "Baba ya rasu." Nan take idona ya fara zafi. Wannan ne karo na farko da na ji wani abu tun safe, kuma ya ba ni tsoro. Na ce in na fashe da kuka a bakin ƙofa Mama faɗuwa za ta yi. Sai na ja numfashi na sake faɗa. Na sake. Bas ta wuce gidan mai, ta wuce wata makarantar firamare inda yara ke layi a rana, ta tsaya wata mata ta shigo da buhu tana faɗa da kwandasta, ni ina ta nanatawa. Kafin mu kai kwanar unguwarmu kalmomin sun zama sauti kawai, suna fita daga bakina ba su taɓa komai.

Na tarar da ita a falo tana guga. Ba ta kwanta ba, ba ta ma cire mayafin da ta dawo da shi ba. Rigar Baba mai ruwan toka ce a shimfiɗe a kan tebur, wasu biyu kuma a ninke a gefe, ga filas ɗin shayi ta riga ta sa a jaka.

"Ke kuma fa? Wa kika bar masa?"

"Yaya da Baffa suna can. Mama, kin sha maganinki?"

"Na sha. Mene ne?"

"Zauna tukuna."

Ta jingine dutsen guga ta zauna a bakin kujera tana kallona. Ni kuma ba tare da na yi niyya ba ƙafafuna suka ware, kafaɗuna suka sauka. Akwai wata ƙusa a bango sama da kanta, inda kalanda ta taɓa rataya. Idona ya je ya zauna a kanta.

Na yi magana da kyau. Ban tsallake komai ba, ban yi sauri ba, na dakata a duk inda ya kamata a dakata. Na ce bayan ta fito da ɗan lokaci numfashinsa ya canza. Na ce likita ya zo da wuri kuma an yi duk abin da za a iya yi. Na ce bai sha wahala ba, kamar barci ya ɗauke shi. Sannan na sassauta murya daidai gwargwado na ce Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ko sau ɗaya muryata ba ta yi rawa ba.

Dutsen guga ya yi 'yar ƙara yana hucewa. Da na sauko da idona na ga ba ta faɗi ba, ba ta dafe ƙirji ba. Kallona kawai take yi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo bai yi sallama ba.

"Kin gama?"

"Na gama."

"To." Ta dubi rigar da ke kan tebur, ta gyara mata wuya da yatsa. "Na ji abin da kika ce. Kira min yayanki."

"Mama, ai shi ne abin da na…"

"Na ce na ji. Ina so wani nawa ya faɗa min."

Na kira shi. Ba ta miƙo hannu ba, sai na durƙusa na kara mata wayar a kunne. Ina jin muryarsa tana fitowa ƙanƙanuwa. "Ma… Ma… Mama. Ba… Ba…" Bai kai ƙarshe ba. Ya yi ta cin karo da sunan, daga nan muryar ta karye gaba ɗaya, sai kuka irin na babban mutum, mara daɗin ji.

"Na'am," in ji Mama. "Na'am, ɗana. Na ji."

Ta zame daga kujerar ta zauna a ƙasa, ta fara kiran Baba da sunan da ban taɓa jin ta kira shi da shi ba. Na so in sake faɗa mata, in faɗa yadda 'ya take faɗa wa uwarta. Na juya kalmomin a bakina na tarar babu abin da ya rage a cikinsu. Ta kama hannuna da hannayenta biyu ta matse har na ji zafi, amma wayar take riƙewa don kada ta bar kunnenta.