Rijiyar Gefen Turke

Bakin Malam Mu'awiya ne ya raba shi da Tambuwal. Ana shirin ba shi limancin Juma'a, sai ya tashi a wurin wa'azi ya kwaikwayi tafiyar wani babban mutum, har da tarinsa. Aka ce an ƙara masa girma, aka tura shi wani ƙauye bayan Kebbe, inda ko mai babur sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Mutanen ƙauyen kamar su haɗiye shi don so. Kafin huɗuba yakan yi wa'azi da Hausa, yana zambo ga masu ɓoye hatsi da masu cin iyakar gona. Masallaci ya kaure da dariya, wanda aka zaga ma ya fi kowa ƙyaƙyatawa, amma ba mai sauya hali. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Da damina ta zauna, yara suka fara amai da gudawa. Malam ya ga dalili da idonsa. Ɗangiwa, wanda ya fi kowa shanu, ya kafa turakunsa a gefen rijiya ɗaya tilo da garin ke da ita, ruwan sama yana wanko kashin yana zubawa ciki.

Ran Juma'a ya murtuke fuska ya faɗa musu, babu ba'a ko kaɗan. Ai kuwa murtukewar ce ta fi ba su dariya. Ɗangiwa har da share hawaye, wai malam ya zo da sabon salo.

Sai ya tuna huɗuba, inda ba mai iya ko murmushi. To amma a garin da Larabci ake yin ta tun kakanni, suna sunkuye ba sa gane ko kalma. Ya roƙi dattawa su bari ya yi ta da Hausa sau ɗaya tak.

Atu, babban cikinsu, ya girgiza kai. "Malam, in ka yi hakanan sallarmu ta ɓaci. Ka faɗa muna cikin wa'azi, ai daɗinai muka ji."

Wata Juma'ar ya hau mumbari ya yi maganar rijiyar da Larabci tsantsa. Suka yi tsit, suka ce amin a inda suka saba.

Bayan la'asar ya tarar da matarsa Lauratu tana ɗebo wa autarsu ruwa a randa. Ya tambaye ta na ina ne.

"Wata rijiya kas sani, Malam?" in ji ta, ta miƙa wa yarinyar moɗa.