Ranar da Na Kashe wa Masu Zaɓe Fitila

Ni ne mai zama a bayan teburin maɓallai a gidan taurari na garinmu, inda ake haska hoton sararin sama a rufi. Pani Halina, wato Malama Halina a yarenmu, ita ce ke tsara duk abin da ake nunawa a rufin nan mai kama da kifaffiyar ƙwarya, ita ke kuma yin bayani. Idan ta ɗaga yatsa in rage haske, idan ta sauke in fito da wata. Karatuna bai yi nisa ba, amma aikin ya karɓe ni, ni ma ina son sa.

Da kaka hukumar gari ta ce za ta ba ɗan kwangila aikin fitilunmu, ni kuma a sallame ni. Abin da ya rage kawai shi ne wakilin ƙungiyarmu ya sa hannu. Ƙungiya ɗaya muke da ma'aikatan bayan fage na gidan wasan kwaikwayo, masu ɗaukar katako da jan labule. Wakilin, Pan Zenon, wato Malam Zenon, dattijo ne da ya daɗe a kujerar. Ya riƙe kafaɗata ya ce, "Olek, ɗana, ba ƙin ka nake ba. Amma ba zan ɓata da hukuma saboda mutum ɗaya ba."

Da Pani Halina ta ji, sai ta ce za ta tsaya takara da shi.

Ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. Suka sa mata suna Uwar Taurari. Da yake ana fenti a gidan wasan, sai aka kawo taron zaɓen ɗakinmu, ranar Litinin bayan abincin rana. Suka shigo da baƙaƙen kayansu na aiki, wasu na tauna burodi da kokwamba mai tsami. Rysiek, wani ƙato mai jan igiya, ya faɗa kujera, ta kwanta da shi baya.

Ya ce, "Uwar Taurari, a nan kuke aiki? Ai wannan gado ne."

Ta ce, "Sai dai mu ba a biyan mu kuɗin kwanciya, Pan Rysiek. Sauke takalminka daga kujerar gaba."

Pan Zenon ya fara magana, ya faɗi abin da ya saba faɗa, aka tafa masa sama-sama. Da Pani Halina ta miƙe sai surutu ya ɓarke, kowa na hira da na kusa da shi. Mu a wurinmu magani ɗaya muka sani idan 'yan makaranta sun ƙi yin shiru: a rage haske. Ta ɗaga yatsa, ina jin ko tunani ba ta yi ba. Ni ma hannuna ya tafi da kansa. Ɗaki ya yi duhu, taurari suka fito.

Nan take aka yi tsit. Na ji daɗi har cikin raina. Ta shiga bayani da muryar nan tata mai laushi, tana faɗin abin da ƙungiya ya kamata ta yi.

Abin da muka manta shi ne, wurin mutanen bayan fage duhu yana nufin an fara wasa, aikinka ya tsaya, nemi lungu ka runtsa kafin a kira ka. Jikinsu ya saba. Ban daɗe ba na ji minshari daga hagu. Wani ya amsa daga dama. Mafi ƙarfi a ciki na Pan Zenon ne.

Na ce shi ke nan, ba su ji ko kalma ɗaya ba, gobe sai in fara neman aiki a sito. Na kai hannu kan babban maɓallin da ke kunna komai lokaci guda. Sai ga ta a gefena, ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta ce a hankali, "Kada ka watsa musu haske a ido. Bar su tukuna. In an jima ka fito da alfijir."

Muka zauna muna sauraren su. Da ta taɓa ni, na fara fito da haske ja-ja daga gabas kaɗan-kaɗan, yadda muke yi wa yara. Suka riƙa farkawa ɗaya bayan ɗaya, ana murza ido, ba mai son kallon ɗan'uwansa.

Ba ta koma kan jawabinta ba. Ta ce, "Pan Rysiek, yaushe rabonka da gado?"

Ya ce, "Tun Asabar. Mun kwance kayan wasan jiya, aka ce mu ɗora na gobe kafin masu fenti su shigo."

"Haka ake yi kullum?"

Wani daga baya ya ce, "Tambayi Baba Zenon, shi ya amince."

Pan Zenon ya ce ai ba a ba shi zaɓi ba. Daga nan baki ya buɗe. Wannan ya ce igiya ta taɓa kuɓuce masa don gyangyaɗi, wancan ya ce ya wuce tasharsu a jirgin ƙasa har ƙarshen layi. Ita dai tana tsaye tana ji. Da suka lafa ta ce ba ta san haka ba, kuma ba za ta ce ta san aikinsu ba. Idan sun zaɓe ta, maganar hutu za ta fara kaiwa gaban hukuma. Takardar sallamata kuwa ba za ta sa mata hannu ba, gara su sani tun yanzu.

Rysiek ya waiwayo ya dube ni. Ya ce, "Wannan yaron da ya kwantar da mu? A bar shi, yana da amfani."

Aka ɗaga hannuwa. Da yawa sun tsaya wa Pan Zenon, don ya yi musu alheri a baya, amma nata sun ɗan fi. Ya zo ya ba ta hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce hukuma ba za ta haƙura da sauƙi ba, ta shirya. Ta ce ta sani, kuma za ta riƙa neman shawararsa.

Da suka watse na tashi na share ɓarɓashin burodi. Na koma na zauna. Pani Halina na ɗaura gyalenta ta ce, "Gobe da safe akwai 'yan aji uku, kada ka makara."

Na ce mata zan zo da wuri.