Rabin da Aka Hana Magani

Inna Hapsatu tana durƙushe a gona, tana ɓamɓare farin ɓawon da ya rufe ƙasa, sai ta ji motar ɗanta Hambali ta tsaya a bakin hanya. Ba ta ɗago ba. Ta dangwali ƙasar ta kai bakinta, kamar yadda ta saba kowace safiya. Gishirin yana nan.

Da can fadamar Maruta baƙa ce wuluk, mai laushi kamar tuwon da ya kwana. A nan marigayi Malam Sabo, mijinta, yake jan ruwa da jigo tun ana cikin Jihar Kano, guga na sauka yana hawa, itacen na kuka, ita kuma tana tafe da ƙwaryar fura a ka. Albasa suke yi, da rake a gefen rafi. In ya yanko mata kara ɗaya, sai ta kai gida tana sha ba ta gama ba. Daga baya aka zo da inji da rijiyar bututu, ruwa ya wadata, kowa ya yi murna. Shekaru suna tafiya, ƙasa ta fara furfura tare da mai ita. Ranar da aka kai shi makwanci, ko yakuwa ba ta tsira a gonar.

Bana masu buga bulo suka nemi Hambali ya sayar musu, su kwashe ƙasar. Ya kusa amsawa sai ga wata malamar gona daga Dutse, Zahara'u, da wani baƙon wake mai ɗan baki kamar na ɗan tsako, da magani a jarka wanda ta kira sifamidin. Ta ce yana taimakon shuka ta jure gishiri. Ta ja igiya ta raba gonar biyu: ɓangaren gabas a riƙa fesa masa maganin, na yamma a bar shi da ruwa kawai, don a ga bambanci. Hambali ya yi alkawari, in magani ya ci, gona ta tsira. In bai ci ba, Inna ta yi haƙuri.

Yau ce ranar duba.

"Inna, sannu da aiki," in ji Hambali. "Ga malamarki na ɗauko tun daga Birnin Kudu. A gidan gaba na sa ta, fasinjoji suna ta hararata."

"Mai mota, ai kai kullum ana hararka." Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba. "Sannu da zuwa, 'yata. Ya hanya?"

Zahara'u ta rusuna ta gaishe ta, sannan ta cire takalmi ta shiga cikin shuka. Ta fara da gabas. Waken ya kai tsawon tafin hannu biyu, ganye kore, bakinsa ya ɗan ƙone. Ta tsallake igiya zuwa yamma. Ta tsuguna, ta auna, ta koma gabas, ta sake dawowa. Murmushin da ta zo da shi ya tafi.

"Yaya dai, Malama?" Hambali ya tambaya.

"Babu bambanci. Wanda aka fesa da wanda ba a fesa ba duk ɗaya ne." Ta share goshinta da gefen mayafi. "In haka ne, ba maganin ne ya tsayar da su ba. Kuma duka sun gaza yadda na sa rai."

Hambali ya dubi mahaifiyarsa, ya kau da kai. "To, Inna, kin ji da kunnenki. Ni ban so ba. Amma ƙasar da ta ƙi magani, sai bulo."

Hapsatu ta ji kunya ta rufe ta kamar zane. Ta dubi inda jigon Malam Sabo yake a da, ramin gindinsa ma ya cike. In ta yi shiru, mutuncinta yana nan a idon yarinyar, gona kuwa ta tafi.

"'Yata," ta ce a hankali, "ke kin haihu?"

"Ɗaya, Inna."

"Shi ya sa. In kin yi biyu za ki gane." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Na bi maganarki da fari. Sai na yamman nan suka fara rawaya, suna lanƙwashewa, 'yan uwansu na tsaye a gabansu suna shan magani. Buhu ɗaya suka fito. Na kwana biyu ina kallo, na kasa. Sai na ƙara wa jarkar ruwa, yadda ake yi wa miya in baƙi sun sauka, na raba musu duka."

Zahara'u ta zauna daɓas a kan kunyar shuka.

"Inna, kin tsinka maganin?"

"Ya isa kowa dai."

Hambali ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace masa. "Malama, ai laifinki ne. Kin damƙa magani a hannun matar da ko kajin maƙwabta sai ta watsa musu tsaba. A gidanmu nama ɗaya sai an yanka shi bakwai, har ka rasa abin da za ka tauna."

"Ka dai girma a kansa," in ji Hapsatu.

Zahara'u ba ta yi dariya ba. Ta ce wahalar rani guda ta tafi a banza, ba ta da abin da za ta kai wa shugabanta. Ta murza wani ganye. Can ta ce, a gonakin Wurno da Sundimina, inda take irin wannan gwajin, ɓangaren da ba a fesa ba ya bushe ƙurmus tun tuni.

"Nan ga shi da rai, da rabin magani. Amma ba zan iya cewa ya ci ba, ba zan iya cewa bai ci ba. Sai an sake baɗi, a wannan gonar." Ta dubi Hambali. "In ka bar ta."

Hambali ya sosa ƙeya. Daga bakin hanya wani fasinja ya danna masa oda. Hambali ya dubi waken, ya dubi tsohuwar da ta sunkuyar da kai kamar yarinyar da ta fasa tulu.

"Alkawarina a kan ci ko rashin ci ne," ya ce. "Tun da Inna ta dagula shari'ar, an ɗage zama. Rani ɗaya."

"Da sharaɗi," in ji Zahara'u. "Inna, baɗi rabin nan zai yi rawaya, zai mutu kina gani. Ba za ki taɓa shi ba. Mutuwarsa ce za ta nuna cewa gonar tana da magani."

Iska ta kaɗa waken, gabas da yamma suka sunkuya tare.

"Na yarda," in ji Hapsatu. "Amma igiyar ba nan za ki ja ta ba. Waɗanda za a hana, ki kai su can bayan giginya, inda ba hanyata ba. Ruwansu kuma Mai mota ne zai riƙa ba su. Shi zuciyarsa za ta ɗauka."

Hambali ya tuɓe takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya je ya fara tuge turakun igiyar.