Kantar Hannun Gumsu

Mu biyu muka fi kowa iya tanis a kwalejin horon malamai mata a shekarar 1957, ni Fatsuma da Gumsu. In gaskiya za a faɗa, ta fi ni, kuma abin ya tsaya mini a rai. Kujera ɗaya aka ba kwalejinmu a gasar kwalejojin mata da za a yi a Zariya. Malama Monica, mai koya mana wasan, ta ce ranar Asabar da la'asar za mu kara, wadda ta ci ita za ta hau jirgi.

Kwalejin ba ta da fili, sai muke aron na bayan wani coci a Sabon Gari, jar ƙasa ce da aka daddaɓe, da raga wadda ɗinki ya fi zare yawa a jikinta. Sau uku a mako Malama Monica take tasa mu gaba zuwa can. Mace ce marar wasa. Takan sa mu buga ƙwallo a bango har ɗari uku, wadda ta kuskure ta koma farko. In an tashi sai ta duba tafin hannun kowa, ta latsa gindin yatsu. Ta ce kantar da mariƙin raket ke fitarwa ita ce shaidar aiki, wadda hannunta ke da laushi ƙarya take yi. Gumsu kuwa kanta huɗu gare ta a hannun dama, masu tauri kamar ƙwaryar goriba. Wata takwas ta yi tana tara su.

A Fagge gidajenmu suke, lungu ɗaya. Su Barebari ne, mu Fulani, saboda haka tun muna yara nake shiga gidansu in yi wa kakarta Yakaka tsiya yadda na ga dama, ba mai cewa na yi rashin kunya. Wasa ne na kaka da kakanni. Ita kuwa tsohuwar ba abin da take tinƙaho da shi kamar gyaran jiki. Turaren wuta da lalle da dilka, duk amaren unguwar ta hannunta suke bi.

Ranar Alhamis aka sake mu gida. Na san abin da zan yi tun kafin in cire takalmi a ƙofar ɗakinta, ba zan ce tsautsayi ne ba. Na gaishe ta, ta kira ni baiwarta, na kira ta baiwata, muka yi dariya. Sannan na ce, "Yakaka, ashe gyaran naki na 'ya'yan wasu ne. Jikarki za ta baƙunci Zariya da hannu irin na mai faskare. In ta miƙa wa matar wani a gaisa, ai sai a ce Barebari sun fara haihuwar katako."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ƙwala wa Gumsu kira, ta kama hannun ta juya shi a hasken ƙofa, ta daɗe tana kallo. Ni kuwa na ce ana nemana a gida.

Ƙanwar Gumsu ce ta ba ni labarin sauran. Ranar Juma'a da hantsi tsohuwar ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi da kanwa har fatar ta yi fari, ta bi kantar da aska a hankali, ta goge da dutsen kaushi, ta shafe da man shanu. Gumsu ta yi magiya, ta ce Malama ta hana. Yakaka ta tambaye ta ko Malamar ce ta goye ta bayan uwarta ta rasu. Daga nan Gumsu ta miƙa hannu. A gidan nan ba a yi wanda zai ce wa Yakaka a'a ba.

Asabar ta zo. 'Yan ajinmu suka jeru a gindin darbejiya, yaran Sabon Gari suka ɗare katanga. Gumsu ta cinye ni wasa uku a jere kafin in san inda nake, har na fara tunanin wahalar banza na yi. A na huɗu na ga ta sauya riƙo, ta goga tafinta a siket. Sai na daina neman ci. Na dinga mayar mata da ƙwallo sama, a hankali, can ƙarshen fili, wannan kusurwa da waccan, don kowane maki ya kai bugu ashirin ko talatin. Ba na buƙatar in fi ta iyawa. Jira kawai nake.

Hannun ya yi bororo, bororon ya fashe. Kafin a gama zagayen farko farin siket ɗinta ya yi ja ta gefen dama. Malama Monica ta tsayar da wasa, ta buɗe tafin, ta ga jan nama a inda kantar take, ta tambaya, Gumsu ta ce kakarta ce. Na zaci za ta ɗaga karawar zuwa wani mako. Amma sai ta saki hannun kamar ta taɓa abin ƙazanta, ta ce da Hausarta ta Sabon Gari, "Wata takwas na ba ki. Kin ba tsohuwa ta yanke da wuƙa. Ɗauki raket, ko ki fita."

Gumsu ta yagi bakin ɗankwalinta ta ɗaure, ta ɗauka. Sau biyu raket ɗin yana suɓucewa daga hannunta, yaran kan katanga suna shewa. Ba ta ƙara cin ko wasa ɗaya ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Da muka zo raga don gaisawa, hannun dama na miƙa mata, ita ma dole ta miƙo dama, na kuwa riƙe sosai.

Ranar Litinin 'yan ajinmu suka raka ni tasha. Ban sa ran ganinta ba, sai ga ta, hannu a naɗe da tsumma, ta karɓi akwatina da hagu ta kai mini har bakin tarago. Duk tsawon hanyar na cika ta da surutun abin da zan sayo mata a Zariya. Da jirgi ya yi kuka sai ta ciro ƙullin turaren wuta daga haɓar zaninta ta sa mini a hannu.

"Inji Yakaka," ta ce. "Ta ce in yi miki godiya. Ta ce ba don ke ba, da ba ta lura ba."

Ta tsaya tana kallona har jirgin ya motsa. Kantar ta dawo ko ba ta dawo ba, ban sani ba, don Gumsu ba ta sake taka filin nan ba, kuma ba ta sake kiran sunana ba har muka gama kwaleji.