Bas a Tsibirin da Ba Hanya

Dona Valdirene tana tsaye a bakin kogi, hannu a ƙugu, aka gangaro da motar daga jirgin dako. Bas ce rawaya, sabuwa fil, ko ledar kujeru ba a cire ba. A tsibirin da duk faɗinsa babu hanyar da ta fi ƙarfin baro!

Wata biyu ke nan injin jirgin ruwan makaranta ya mutu. Yara ashirin da uku na tsallaken kogi suna zaune a gida, jiha kuma ta aiko cewa in wata ya ƙare ba su dawo ba, za a rufe makarantar. Dona Valdirene ce shugabar makarantar, takarda huɗu ta rubuta tana roƙon inji. Abin da aka aiko mata ke nan.

"Cleiton, kai fa a nan ka yi firamare," ta ce wa jami'in da ya rako motar. "Ta ina za ta bi? Kan ruwa?"

"Dona, kuɗin tarayya ne na jigilar ɗalibai. Jiha ta sayi motoci a dunƙule don ya fi araha. Kowace makarantar karkara ɗaya."

"Araha! Wanda ya sa hannun ya taɓa ganin kogi kuwa, ko a kalanda?"

"Ni dai aiko ni aka yi. In ba ki karɓa ba, za a rubuta kun ƙi tallafi. Baɗi ko sisi."

Takaici ya cika ta. Ta fizge biron hannunsa ta sa hannu, sai da takardar karɓar motar ta huje.

Seu Ozéias, tsohon matuƙin jirgin, tuni ya ɗaga murfin gaban motar ya zura kai.

"Seu Ozéias, me ka gani?"

"Injin dizal ne, Dona. Ya ɗan yi wa jirginmu girma, amma fa zai zauna."

"Kwana nawa?"

"In surukina ya kama mini, Litinin."

Cleiton ya zaro ido. "Haba, Dona! Kayan gwamnati ne! Wallahi aikinki za ki rasa."

"Na jigilar ɗalibai ka ce ko? To, jigilar ɗalibai zai yi."

Ta miƙa masa takardarsa, ta ja gefe don kada ta tare masa motar.

"Ai suna son hoto a ofis. Maza ɗauka yanzu, tun tana da kayan cikinta."