Fenti a Kafaɗar Riga

Wata biyu Mukarrama tana ɗinki a shagon yayanta Hamisu, a bakin kasuwar Maƙarfi, ko ɗankwali ba ta sayar ba. Hamisu ya ce in satin nan ya wuce a haka, zai karɓe shagon ya cika shi da mazarƙwaila. Shi kuwa ba ya magana biyu.

Tana da mutum-mutumin roba a bayan gilashi, fari fat, ba ido ba baki, har mata na kauce wa ƙofar. Sai ta kira Safiyanu mai fentin allunan shaguna ya yi masa fuska. Don zumuɗi, tun kafin ya zo ta sa wa abin shuɗiyar rigarta mafi kyau.

Safiyanu kuwa sanyin jiki gare shi kamar kunun jiya. Awa biyu yana zana ɗan kunne ɗaya. Haushi ya turnuƙe Mukarrama, ta daka masa tsawa ta baya: "Malam, a nan za ka kwana?" Bawan Allah ya zabura, rawayan fenti ya fantsama a kafaɗar riga. Ta kore shi, ta zauna ta sha kuka.

Ranar kasuwa wata Hajiya Lantana daga Taba ta tsaya, ta ƙura wa kafaɗar ido. "Wannan fa, 'yar nan?"

Kunya ta hana Mukarrama faɗin gaskiya. "Sabon yayi ne, Hajiya."

"Ɗinka mini uku."

Kafin la'asar wasu mata tara ma sun ba da awo. Dole ta je ta ba Safiyanu haƙuri. Ya zo ya zauna, ya jera ɗige-ɗige masu kyau a kafaɗa. Da Hajiya Lantana ta gani sai ta taɓe baki, ta ce irin na gilashi take so ko ta fasa.

"Gaskiya hannuna ba ya yi sai na tsorata," in ji Safiyanu.

Haka Mukarrama ta koma laɓewa bayan ƙofa tana daka masa tsawa. Riga uku suka fito, a ta huɗu ya saba da muryarta, ko gezau. Hankalinta ya tashi ƙwarai.

Ana cikin haka Hamisu ya faɗo da buhun mazarƙwaila a kafaɗa. "Me ake yi mini a shago?" ya yi ruri.

Fenti ya fantsama, ya fi na gilashi kyau.

Mukarrama ta durƙusa ta gaishe shi. "Yaya, ajiye buhun a waje. Gobe ma ka zo da wuri, saura riga takwas."